Fita cin abinci da surukai a Kano: a zaunar da kowa inda zai iya ci

Wani bawan Allah mazaunin Kano ne ya aiko da tambaya. Ya ce surukansa za su zo daga Haɗeja yawon Sallah, mahaifin matarsa da mahaifiyarta da ƙannenta uku, kuma maiɗakin nasa ta matsa a fita da su gidan abinci, ta ce ko yini ɗaya ne ita ma ta huta da tukunya. Abokansa biyu sun ce za su biyo da matansu. Da ya ƙirga har da yara sai ya ga mutum 14. Bai taɓa fita da taro irin wannan ba, shi ne yake neman a faɗa masa inda zai nufa, abin da zai sa a kawo, da yadda zai yi da kuɗi kada ya ji kunya.

To ƙanena, Allah ya kawo baƙin lafiya. Ni da ɗaukar faranti na fara sana'ar gidan abinci, har na kai ga riƙe makullin sito da littafin ciniki, saboda haka na ga taron iyali iri-iri sun shigo sun fita. Kaɗan ne daga ciki rashin daɗin abinci ya ɓata wa fita. Yawanci abu biyu ne ke kawo cikas: ko an zaunar da mutum inda ba zai iya ci ba, ko an kawo bil gaban wanda bai kamata ya gani ba.

Shawarata ta farko ba za ta yi maka daɗi ba: ka raba fitar nan gida biyu. Abokanka da matansu ka ba su wata rana. Hirar abokai daban take, akwai tsokana da shewa da tone-tonen abin da aka yi a makaranta, kuma in ka haɗa su tebur ɗaya da surukinka, su za su ƙume kamar masu zaman makoki, shi kuma ya takura saboda ya san dominsa aka yi shiru. Ka kashe kuɗin mutum 14 ba wanda ya sake.

Sannan ka tuna wane ne babban baƙon naka. Mu yanzu fita cin abinci ta zama ado, a sa kaya a fesa turare a tafi. A wurin iyayenmu ba haka take ba. Su sun taso ne a zamanin da cin abinci a waje na matafiyi ne da direba da gwauro, magidanci kuwa in aka gan shi da kwano a bakin tasha sai a fara tambayar ko lafiya gidansa. Malaman fiƙihu ma sun lissafa cin abinci a kasuwa cikin abubuwan da ke rage wa mutum mutunci, in ba al'adar wurin ba ce. Ka ɗora kunyar surukuta a kan wannan. Akwai dattawan da har yau ba sa tauna a gaban mijin 'yarsu, surukarka kuwa ba mamaki ko ruwa ba ta taɓa sha a gabanka ba. Don haka kafin ka kama wuri, ka sa matarka ta ji ta bakin mahaifiyarta, cikin hira, ba da sigar neman izini ba. In ta ce “a'a, ku dai je da yaran”, ba fulako ba ne, gaskiyarta ta faɗa. Sai ka kai kuloli a zubo abincin a kawo gida, ƙannen matarka kuma ka fita da su su kaɗai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba na mantawa da wani tsoho da aka taɓa kawo mana. Surukinsa matashi ne mai hali, ya sa aka haɗa tebur uku, ya zaunar da tsohon a kujerar da ke fuskantar ƙofa, shi kuma ya zauna daidai gabansa. Aka jera soyayyiyar shinkafa da kaza, da cokali da wuƙa a naɗe cikin tishu. Tsohon nan ya warware cokalin, ya juya shi, ya ajiye, ya ɗauki ruwa ya kurɓa. Saurayin sai cewa yake “Baba, bismillah mana”, shi kuma yana “to, to, alhamdu lillahi”, har man kazar ya fara daskarewa. Na raɓa na raɗa wa saurayin cewa ya tashi kamar zai amsa waya. Muka shimfiɗa darduma a ɗan lungun da ke kusa da wurin sallah, na ce “Baba, nan ya fi iska.” Aka kawo masa tuwon shinkafa miyar taushe da ruwan wanke hannu a buta, muka ba shi wuri, jikansa ɗaya kawai a gefensa. Da yaron kicin ya je kwashe kwanuka, ko miyar ba ta rage ba. Yana fita ya tsaya ya sa mana albarka, har da tambayar wace ce ta yi miyar.

Abin da nake nufi ke nan da zama. Maza gefe, mata gefe, kamar yadda ake yi a gida. In da hali, surukinka ya sami wurinsa da ɗansa namiji ko jika, kai kuma ka zama mai kai-kawo: ka leƙo ka ce a ƙaro ruwa, ka koma. Ka ci naka a teburin samari. Mata su sami wurin da ke da labule ko ɗan ɗaki, musamman in da mai niƙabi a cikinsu, domin ba abin da ya kai takura irin mace tana ɗaga niƙabi loma-loma tana waige.

Game da inda za ka je, ba zan kama sunan gida ba, domin gidan abinci da kukunsa yake, yau yana nan gobe wani ya ƙara masa albashi ya ɗauke shi. Amma unguwannin Kano kowace da halinta. Nassarawa GRA da wajajen Bompai nan ne za ka fi samun wuri mai fili da natsuwa, da abincin Kwarori da na Sin da na Indiya, kuma nan ne aljihu ya fi jin jiki. Titin Gidan Zoo, musamman tun da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, ya zama matattarar matasa da masu yara, ga shawarma ga kaza ga askirim, sai dai ranar Sallah ko wurin ajiye mota wahala yake. Sabon Gari kuwa in sakwara da miyar agushi ko farfesun kifi kake nema, sun iya, amma wasu wuraren ana sayar da giya, ba inda za ka shiga da suruki da ka ba ne ba tare da ka san gidan ba. Ga dattawa ni na fi son gidajen da ke yin abincinmu na gargajiya cikin tsafta, kuma yanzu sun yawaita, har a GRA ɗin ma.

Duk wanda ka zaɓa, ka je da ƙafarka kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a daidai lokacin da kake son zuwa da baƙin. Hoton Instagram ba ya nuna ƙarar janareta. Ka sayi abu kaɗan ka zauna ka ci, idonka na yawo. Ka shiga makewayi, domin gidan da ya bar wurin da baƙo ke gani da ƙazanta, kada ka tambayi yadda kicin ɗin da ba a gani yake. Ka duba akwai buta da wurin alwala, akwai inda mata za su yi sallah. Ka duba ko sai an hau bene, saboda gwiwar tsofaffi. Ka dubi talabijin: in gidan da ake kallon ƙwallo ne, ranar da manyan ƙungiyoyin Ingila ke wasa ba za ka ji maganar na kusa da kai ba. Daga nan sai ka nemi manaja ka gaya masa ranar da yawan mutanenka.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Ranar Sallah da washegari su ne mafi munin ranakun shekara a wannan sana'a. Ma'aikata da yawa sun tafi garuruwansu, waɗanda suka rage sun gaji, jama'a kuma sun ninka. In ana hawa, washegarin Sallah da yamma Hawan Daushe ne, kashegari da safe Hawan Nassarawa, hanyoyin cikin gari da na wajen gidan gwamnati duk a cushe. Ka bari sai kwana na huɗu ko na biyar. A cikin yini kuma, ku yi Azahar ku fita. Lokacin ne tukwanen rana ke sauka. Tsakanin La'asar da Magariba yawanci ragowar na rana ake ɗumamawa kafin na dare ya nuna, bayan Isha kuwa yara sun fara gyangyaɗi, tsofaffi sun fara duba agogo.

Yanzu ga sirrin da zai cece ka: ka ba da oda tun ranar da ka je dubawa, kada ka bari a raba wa mutum goma takardar jerin abinci kowa ya zaɓa. Mutane ba su san yadda kicin ke aiki ba. Tuwo da miya da shinkafa a dafe suke, zubawa kawai za a yi. Gasasshen kifi, soyayyen dankali, shawarma da taliyar 'yan Sin kuwa sai an ce ana so ake ɗorawa, kuma mai yi ɗaya ne ko biyu, ga odar wasu tebura a gabansa. In kowa ya zaɓi nasa, mai tuwo zai samu cikin minti biyar, mai kifi ya yi kusan awa yana kallon bakin mutane. Mu kuma a al'adarmu ba ma fara ci a bar wani, sai na farko ya huce ana jiran na ƙarshe. Kuma baƙo mai kunya in ka miƙa masa takarda, ko dai ya nemi mafi arha don kada ya yi maka nauyi, ko ya nuna abin da bai sani ba ya kasa ci.

Ka zaɓi abu uku ko huɗu a kawo cikin manyan kwanuka kowa ya ɗiba. Tuwon shinkafa da miya kala biyu, taushe da kuka ko kuɓewa. Dafa-duka ko soyayyiyar shinkafa da kaza saboda matasa. Farfesun kayan ciki ko na kan rago a tsakiya. In gidan na yin waina ko sinasir ko funkaso a ƙara, suna da auki kuma ba mai ƙin su. Ƙannen matarka, waɗanda watakila su ne suka fi ɗokin fitar, ka ƙyale su su zaɓi abin da ba sa samu kullum, ai ranarsu ce. Yara ƙanana biyu faranti ɗaya ya ishe su. Na kwashe farantan yara ba adadi da aka ci loma uku aka bar sauran, uban kuma ya biya kuɗin babba.

Abin sha nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba, kuma nan ne ribarmu take. Lemon kwalba da ka san kuɗinsa a shago, a tebur yakan ninka, haɗaɗɗen lemon 'ya'yan itace kuwa wani kofi ɗaya ya kusa kuɗin farantin abinci. Ka ce a kawo zoɓo ko kunun aya a jug, da manyan robobin ruwa. Kifi ma ka kula, da girmansa ake yi masa kuɗi, ka sa a nuna maka shi a faɗa maka farashi kafin a ɗora a wuta. Nama a wasu gidajen da yanka ake ƙirgawa, in yaro ya ce “a ƙaro nama?” ka san ba kyauta yake tayi ba.

Ka tambayi matarka ko iyayenta na fama da hawan jini ko ciwon suga. In an ba da oda da wuri, ana iya ɗebar musu miya kafin a cika gishiri da magi, a kuma ware zoɓon da ba a sa wa suga ba. In kun riga kun zauna, wannan dama ta wuce. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba a faɗa, domin tana cikin miyar taushe, yajin tsire ma da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Abin da na fi tsoro a kicin lokacin zafi uku ne: salak ɗin da aka riga aka cakuɗa da bama, shinkafar da ta daɗe a ajiye ba zafi ba sanyi, da kunun ayan da ya bar firji. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce dafaffen abinci ya zauna da zafin da ya haura digiri 60, ko ya shiga sanyin da bai kai digiri 5 ba, kuma kada ya wuce awa 2 a tsakani. A Kano da zafin Afrilu kan kai digiri 40, ga ɗauke wuta, ka ga abin ba wasa ba ne. Shinkafar da ta zo ba ta tururi, ka mayar cikin lalama. Kunun ayan da ya fara tsami ko kumfa, kada yaro ya sha.

Sai maganar kuɗi. Farashin da ke rubuce a takarda ba lallai ne shi za ka biya ba. Manyan gidaje na ɗora harajin VAT, wanda ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, wasu kuma su ƙara kuɗin hidima, galibi kashi 10. Wato in abincinku ya kama naira 100,000, kana iya ganin 117,500 a ƙasan takarda. Ka tambaya tun farko ko farashin ya haɗa da waɗannan. Kuma tun bayan cire tallafin mai a 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, wani gidan takardar da ke tebur ta tsufa, na kwamfutar kashiya ne na gaskiya. Ka sa manaja ya rubuta maka jimillar odarka, ka biya rabi ko duka a ranar, ka karɓi rasit. Sannan ka riƙo ƙarin kamar kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka lissafa, domin sai an sami wanda ya ce a ƙaro wani abu.

Ka gaya wa mai kawo muku abinci tun da wuri cewa kada bil ya zo tebur. In an kusa gamawa sai ka zame ka je wurin kashiya, ka bi takardar layi-layi. Ba zargi ba ne, ranar cunkoso akan sa lemon wani tebur a lissafin wani. Dalilin ɓoyewar kuwa shi ne, dattijon da ya ga an kashe kuɗin buhun hatsi a zama ɗaya, abincin zai tsaya masa a wuya, ya koma gida yana tunanin 'yarsa na hannun almubazzari. Wani kuma zai sa hannu aljihu ya ce sai ya taimaka, ku tsaya ja-in-ja a gaban jama'a. In ya tambaya, “Baba, ai an riga an gama” ta wadatar.

Kada kuma ka dogara da hanyar biya ɗaya. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi ɓatan dabo, wani saurayi ya kawo dangin budurwarsa wurinmu. Aka ci aka sha, ya miƙa kati, na'urar POS ta ƙi. Ya yi taransfa, aka cire a asusunsa, mu ba ta shigo mana ba. Kashiyarmu, yarinya ce sabuwa mai tsoron a cire a albashinta, ta ɗaga murya ta ce ba mai fita. Na iske shi gumi ya jiƙa masa wuyan riga, iyayen yarinyar na tsaye a bakin ƙofa suna kallon ƙasa. Na karɓi lambarsa na ce ya tafi, kuɗin suka shigo da asuba. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji ba daɗi, domin laifinmu ne da ba mu ja shi gefe ba. Ka zo da kati, da manhajar banki a waya, da tsabar kuɗi ko da rabin lissafin ne.

Yaron da ya yi muku hidima ka damƙa masa ɗan wani abu a hannunsa, ko da an rubuta kuɗin hidima a takarda, don ba kowane gida ne ke raba musu shi ba. Kuma ka kira shi da mutunci. Masu tafa hannu da “kai, zo nan” ba su san surukai na auna mutum da irin wannan ba. Waya ma a ajiye ta. Kada ƙannen matarka su ɗauki iyayensu suna cin abinci su ɗora a sitatus, balle a haɗo da matan mutane na teburin baya.

Fitar abokai kuwa ba ta buƙatar duk wannan shiri, ku je inda kuka ga dama, ko wurin mai balangu ne a kan benci. Abu ɗaya kawai za ku warware kafin a zauna: wa zai biya. A al'adarmu in ka ce “na gayyace ku”, ka ɗauki nauyi ke nan, ba wanda zai zo da niyyar taɓa aljihunsa. In karo-karo kake nufi, ka faɗa ƙarara tun a waya, a tura wa mutum ɗaya kuɗin kafin ranar, shi ya biya a dunƙule. Na sha ganin abokai shida sun ci sun ƙoshi, bil na zuwa sai wanda ya ci kifi mafi girma ya tuna bai yi alwala ba. In kuma akwai wanda kuka san yana cikin matsi a cikinku, ku rufe nasa ba tare da an ambata ba, kada ya ƙi zuwa saboda kunya. Matan abokai su ma a ba su teburinsu, za ka ga sun fi ku jin daɗin fitar.

Abu na ƙarshe game da ranar surukai: lokacin da kake ba da oda, ka sa a ƙulla maka abinci na mutum biyu ko uku daban a roba, da zafinsa, a ba ka in za ku tafi. Duk dabarar da ka yi, da wuya surukarka ta ci na ƙoshi a waje. Za ta taɓa kaɗan ta ce alhamdu lillahi, ta koma ba jikoki a baki. In kun isa gida ka miƙa wa matarka ledar ta shigar mata ɗaki, kai kuma ka fita masallaci, ka ɗan daɗe kafin ka dawo.